Jakar da Na Bayar Gyara

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da safiyar ɗaurin auren ƙanen matata a Dumega ba. Shekara uku ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini ina cikin cin abinci, sai in tsame hannuna daga kwano.

Ni dillalin babura ne a Dogon Dutsi. Da sayar da mai a kwalba na fara, a bakin titi, har na sayi wani mataccen babur na gyara na sayar, na sayi biyu, yau ga ni da rumfa ta kaina kusa da tasha. Ba wanda ya ba ni jari. Abin da sana'ar ta koya mini guda ɗaya ne, kada ka sa kaya a ranka. Ban taɓa hawa babur ɗaya wata biyu cur ba. Sau da yawa nakan fita gida a kan nawa, in dawo a bayan ɗan kabu-kabu, mai babur ɗin haya. Na taɓa sayar da hular kaina a ƙofar masallaci (bayan an sallame, don kada a yi mini sharri). A lokacin alfahari nake yi da wannan hali, ina ganin shi ya raba ni da talauci.

Matata Balki ɗiyar baduku ce daga Dumega. Mahaifinta ya rasu shekara guda kafin aurenmu, ban taɓa ganinsa ba. Ta yi karatu har koleji, tana ɗinki a gida, kuma ba mai yawan magana ba ce. In ta faɗi abu sau ɗaya ta gama.

Maƙwabcinmu wani ma'aikacin asibiti ne. Duk shekara, ran sha huɗu ga Fabrairu, ranar masoyan nan da 'yan boko ke kira San Balantan, sai ya shigo da ƙunshi mai ƙyalli, matarsa kuma ba ta barin abin ya kwana ba ta leƙo ta katanga ta nuna wa Balki ba. To, wannan shekarar ina karyawa da safe, Balki na yankan yadi, sai ta ce:

"Maigida, saura sati uku San Balantan."

"Ɗan wane gida ne?"

"Ka san shi sarai. Bara ma haka ka ce."

Bara na fake da abokina Malam Sani, mai sayar da kayan gyaran babur, wanda ke cewa ranar al'adar Nasara ce, ba ta halatta ba. (Ban cika bin maganar Malam Sani ba, amma fatawar da ke hana kashe kuɗi ba ta yi mini wuyar bi.) A lokacin Balki ta amsa mini da cewa Malam Sani ranar ya hana, bai hana kyauta ba, sauran kwanakin shekara me na kawo? Nan ta kayar da ni. Saboda haka bana sai na ɗauko wata dabara ta kasuwa. In ba ka son sayar da abu, ba ka cewa a'a, sai ka sa masa farashin da ka san ba za a iya ba.

Na ce, "Wagga rana taku zalunci ce. Namiji ya ba, mace ta amsa, a ce ƙauna. In da gaske ne, kowa ya ba kowa. Ran da kika kawo naki, sai in kawo nawa."

Ta ajiye almakashi. "Haka ka ce?"

"Haka na ce."

"To, na ji."

Na fita ina jin daɗi. Na san ɗan abin da take samu a ɗinki yana ƙarewa a takalman yara da sabulu. A lissafina magana ta mutu. Bayan sati guda ta ce tana so ta je Dumega ta gaida Inna, wato mahaifiyarta. Ta yi kwana biyu ta dawo idonta a kumbure, na tambaya, ta ce iskar mota ce. Ban ƙara tambaya ba.

Ranar ta zo. Da azahar na tuna, na ce bari dai kada in shiga hannu sake. A rumfata akwai wani fulas na ruwan zafi da wani mai kawo mini kaya ya ba ni na talla, har da sunan shagonsa a jiki. Na sa wuƙa na kankare sunan, na naɗe shi a leda. Bayan la'asar na miƙa mata. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta ga wurin kankarar, ta yi godiya. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani abu naɗe a farin ƙyalle, ta ɗora mini a cinya.

Jakar fata ce ta ratayawa, ja, mai marfi da geza, an yi mata ado da siraran zaren fata kore. Da ganinta na san tsohon hannu ne. Ɗinkin ƙanana, a jere, ba irin na yanzu da ake yi da gam ba. Na juya ta, na shinshina, na ja maratayin in ga ƙarfinsa, kamar yadda nake yi wa duk abin da aka ɗora mini a hannu. A raina na ce wurin wata dillaliya ta samo ta da araha, har na ji daɗi cewa zama da ni ya koya mata ido.

Ta ce, "Maigida, wagga jaka..."

Sai wayata ta yi ƙara. Wani ne daga Dogon Kiriya ya iso rumfa da babur na sayarwa, yana sauri. Na ɗaga mata hannu, na miƙe ina magana, na rataya jakar na fita. Da na dawo ban tambaye ta me za ta ce ba, ita kuma ba ta maimaita ba. Matar da ubanta baduku ne ta ba ni aikin baduku, kwana kaɗan bayan ta dawo daga gidansu da kumburarren ido, ni da nake gane babur ɗin da ya taɓa faɗuwa daga jin kukan injinsa, ban haɗa biyun ba.

Kwana huɗu jakar ta yi a wuyana. Rana ta biyar wani malamin makaranta ya zo sayen babur, Mushe Lawali (a nan Mushe muke ce wa malamin boko), dogo mai fara'a, ya ce an tura shi aiki wani ƙauye ta kudu. Muka yi ta ciniki tun hantsi har rana ta take. Ya ƙi hawa, na ƙi sauka. Sau biyu yana tafiya yana dawowa. Ina lura da shi, duk lokacin da ya dawo idonsa na kan jakar.

"Alhaji, wannan aiki ne," in ji shi. (Ban je Makka ba tukuna, amma a bakin titi duk mai babura uku Alhaji ne.) "Kakana yana da irinta. Yanzu ba a samu."

Wanda ya san kasuwa ya san gyara. In ciniki ya cije, sai ka ɗora ɗan wani abu a kai, mai saye ya ji ya ci riba, ya biya abin da ka ce. Mai gero yakan ƙara tafi guda, mai nama yakan ƙara tsoka. Ni yawanci madubi nake ƙarawa ko litar mai. Ran nan hannuna ya riga kaina. Na cire jakar, na zazzage takarduna a kan benci, na rataya masa.

"Ɗauki, Mushe. Tsohon kaya ne, yana nan yashe a gida. Gyara ce."

Nan take ya biya farashina. Ko sayar da ita ban yi ba, wannan ne abin da har yau ba na iya faɗa da ƙarfi.

Da yamma Balki ta dubi wuyana. Na ce na kulle ta a akwatin rumfa don kada maiƙon inji ya ɓata ta. Ta ce, "Ka kyauta." Har murmushi ta yi.

Wata guda bayan haka ranar auren ƙanenta Isiya ta matso. Ta riga ni tafiya da kwana uku don aikin biki. Tana shirin fita ta juyo ta ce, "Inna ta ce ka rataya jaka ran ɗaurin aure."

Nan ne ya kamata in tsaya in ce me ya haɗa Inna da jakata. Amma tambaya za ta buɗe magana, ni kuma rufe ta nake so. Na ce to. Mushe Lawali ban riƙe lambarsa ba, ban san sunan ƙauyensa ba. Sai na yi abin da na iya. Na shiga layin dukawa ran kasuwa na sayi jar jaka mai kama da ita, sabuwa fil. Na kai ta bayan rumfa na shafe ta da man gyaɗa da toka, na murza, na shanya a rana kwana biyu, na daddake ta da icce. Na saba mayar da tsohon babur sabo, mayar da sabuwar jaka tsohuwa bai yi mini wuya ba. Da na gama na dube ta na yaba wa kaina. Na ce a cikin taron biki wa zai tsaya duban ɗinki?

Ran Asabar na sa farar shadda, na rataya jakata, na hau babur na kama hanyar Dumega. Na iso an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun cika, ana raba goro da dabino. Aka ba ni wuri kusa da Baba Arzika, ƙanen mahaifin Balki, wanda shi ne waliyyin ango. Tsoho ne siriri, shi ma baduku, yatsunsa duk sun yi kanta. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, idonsa ya sauka kan jakar. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya dube ni, ya mayar da kansa ga liman. Na ce a raina ta wuce.

Ana gab da farawa sai na ji kukan babur. Na san kukan kafin in ga mai shi, ni na gyara injin da hannuna. Mushe Lawali ne ya tsaya a gindin iccen bedi, ya kafe babur, ya nufo mu yana washe baki, jakar tana rataye a ƙirjinsa a kan riga shuɗiya, tana sheƙi. Ashe ƙauyen da aka tura shi yana nan kusa, kuma shi da Isiya tare suke kallon ƙwallo.

Na yunƙura in tare shi, sai liman ya ce a yi salati. Ba dama. Na zauna na ɗaga hannu tare da mutane, ana addu'a, ni kuma roƙona ɗaya, Allah ya sa ya zauna a baya. Aka ɗaura aure, aka shafa. Kafin in miƙe ya ratso mutane ya iso.

"Alhaji, ashe kai ne mijin yayar ango. Duniya ba faɗi."

Ya miƙa wa Baba Arzika hannu. Tsohon bai saki hannun ba.

"Mushe, ina ka samu wagga?"

"Wannan? Ai surukinku ne, Baba. Kun yi dace da mutumin kirki. Babur na saya wurinsa, ya cire ta daga wuyansa ya ba ni gyara. Ya ce tsohon kaya ne yashe a gida. Na ce masa bai san abin da yake da shi ba."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, yana yabona, da muryar da ya saba cika aji da ita. Har waɗanda ke ƙarshen tabarmi suka juyo. Baba Arzika ya ɗaga marfin jakar ya nuna wani ɗinki a ciki da ɗan yatsa.

"Daga nan zuwa nan hannun yayana ne. Nan ciwo ya kayar da shi. Daga nan zuwa ƙarshe ni na ida, bayan mun rufe shi. Ita ce aikinsa na ƙarshe."

Fara'ar Mushe ta ɗauke. Ya dube ni, ya dubi abin da ke wuyana. Kowa ma can yake kallo. Na sunkuya, sai na ga rana ta narkar da man gyaɗan, ya fito ya yi mini baƙin tabo mai faɗin tafin hannu a kan farar shadda, daidai ƙirji.

Baba Arzika ya ce a hankali, "Ɗana, cire wannan. Tana ɓata maka riga."

Na cire. Ban san inda zan ajiye ta ba, sai na riƙe ta a hannu kamar matacciyar kaza.

Ba a jima ba aka ce Inna na kira. Shekara shida ina auren ɗiyarta, ban taɓa haɗa ido da ita ba, gaisuwa daga bakin ƙofa nake yi a durƙushe, ita ma daga bayan labule take amsawa, yadda aka saba tsakanin surukai. Na cire takalmi na tsuguna a bakin ɗakin. Matan biki sun daina daka. Ta gefen labule ina hango ƙafafun Balki, da lallen da aka yi mata jiya. Inna ba ta yi magana da ni ba, da ɗiyarta ta yi.

"Balki, kwana biyu kika yi kina kuka a ɗakin nan. Na ce miki ta Isiya ce, ubansa ya ce ran aurensa a rataya masa. Kika ce mijinki bai taɓa ganin ubanki ba, kina so ya riƙe wani abu na hannunsa. Kika ce shi ya ce kowa ya ba kowa, ke kuma ba ki da abin da ya kai shi. Isiya da bakinsa ya ce a ba ki. Haka aka yi ko ba haka ba?"

"Haka aka yi, Inna."

Baba Arzika ya shigo da jakar ta asali, ya ce malamin makarantar ya cire ya bayar, yana ba da haƙuri, ya rantse bai sani ba. Aka miƙa ta bayan labule. Inna ta karɓa, sai na ji muryarta.

"Wa ya shafa mata man kaɗe?"

"Malamin," in ji Baba Arzika.

"Wa ya ɗinke bakin maratayi?"

"Shi ya kai aka ɗinke."

A nan ne na buɗe baki, kuma da na sani da ban buɗe ba. Na ce, "Inna, a yi mini afuwa. Ko nawa ne zan biya shi in karɓo ta."

Na ji Balki ta ja numfashi.

"Ki ce wa mijinki ya yi shiru," in ji Inna. "Nan ba tasha ba ce." Sai ta turo jakar ta ƙarƙashin labule. "Arzika, a mayar wa malamin. Gidan nan ba mu bin kyauta mu amso. In Isiya ya yarda, a bar ta inda aka san darajarta."

Aka tambayi Isiya, ango, yana tsaye a zaure cikin babbar riga, ran da ya kamata a ce ita ce a wuyansa. Ya ce abin da Inna ta ce shi ne. Bai dube ni ba. Ban tsaya cin abinci ba. Na hau babur da tabona a ƙirji na dawo Dogon Dutsi, jakar bogin kuma na jefa ta a wata gona a hanya.

Balki ba ta biyo ni ba. Ba yaji ta yi ba, ba wanda ya ambaci saki, an dai ce tana taya Inna zama. Sau biyu ina zuwa, in tsuguna a bakin ƙofa, a kawo mini ruwa, a ce tana gaishe ni. Sai bayan sati biyar ta dawo da kanta a motar haya. Na fara ba ta haƙuri, ta ce ya wuce, kada mu ƙara tayar da shi. Ba mu ƙara ba. Tana dafa abinci, tana wanki, muna hira kan yara da tsadar gero, har dariya takan yi. Amma tun daga ranar ba ta ƙara sa mini wani abu a hannu ba. Ko ruwa na roƙa, sai ta kawo kofin ta ajiye a gabana a kan tabarma, in ɗauka da kaina. Na daɗe ban lura ba. Da na lura kuma ban ga bakin yin magana ba.

Duk shekara in Fabrairu ta kama, samarin kabu-kabu da ke zama a rumfata sukan tayar da gardamar nan, wai ya kamata mace ita ma ta ba namiji kyauta ko kuwa nauyin namiji ne shi kaɗai. Malam Sani yana nan kan bakansa, a bar ranar gaba ɗaya. In suka juyo kaina nakan ce musu kowa ya ba kowa, har yanzu ban canza ba. Sai dai nakan ƙara da cewa in ta miƙo maka, ka kashe waya, ka zauna, ka tambaye ta daga ina abin ya fito, ka bari ta kai ƙarshen maganarta. Sukan yi dariya su ce Alhaji ya zama malamin soyayya, ni kuma in ƙyale su. Ni da na kafa sharaɗin a ba ni, ashe karɓar ce ban iya ba, kuma shekara uku ke nan ina jiran a sake gwada ni.